Damargu da tambayar iri

Tun kafin zuwan Nasara, Damargu ce rumbun Abzin: ayarin raƙuma kan sauko ya ɗauki hatsi, ya sauke gishirin Bilma. Manomin kwarin Tarka da kansa yake zaɓen zangarniya mafi cika a lokacin kaka, ya ware ta don shuka. Ba a taɓa ta sai yunwa ta kai maƙura, irin Kakalaba ta 1914.

Bayan kafa cibiyar INRAN a 1975, gero mai saurin nuna ya bazu, amma wannan zaɓe ne kawai. Sauya ƙwayar halittar tsiro wani lamari ne dabam. Burkina Faso ta rungumi irin wannan auduga a 2008, ta yi watsi da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarta, farashinta ya faɗi. A 2019 Najeriya ta amince da waken SAMPEA 20-T na Samarun Zariya, mai jure tsutsar da ke cinye fure da kwanso. Feshin magani ya ragu, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga talaka.

Abin da ke damuna shi ne wake ba ya tsayawa a kan iyaka. Wanda ya auni tiya a kasuwar Tanut don shuka, wa zai faɗa masa asalinta?