Daga Jinka zuwa Kwano: Gobara da Dabarun Kashe Ta a Ƙasar Rano

A garuruwan ƙasar Rano da Kibiya, irin su Zinyau, gobara a da abokiyar hunturu ce, domin a lokacin ne iska ke busar da jinka da zana da dangar kara, kuma a lokacin ne ake shigar da garwashi ɗaki don jin ɗumi. Wutar jinka a fili take ci, hayaƙinta yana tashi sama, saboda haka dabarar da jama'a suka gada ta dace da ita: da an ji kururuwa, mata da yara su ɗauko tulu da ƙwarya, maza su yi ta watsa ƙasa suna bugu da ɗanyen reshe, wasu kuma su yaye jinkar maƙwabta ko su karya danga don wutar ta rasa abin ci kafin ta kai ga rumbu. Rumbun ake fara tsarewa, tunda ɗaki ana sake shi da gayya, amma hatsin shekara ba ya dawowa.

Aikin 'yan kwana-kwana a Nijeriya kuwa ya fara a Legas a 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, dokar 1963 ta kafa hukumar tarayya, jihohi kuma, ciki har da Kano, suka riƙe nasu hukumomin.

Babban sauyi ya zo ne daga gini. Da kwano da silin da bulo suka maye gurbin jinka, katifar soso da leda da kujerun roba suka cika ɗakuna, sai wuta ta koma ci a rufe. A irin wannan ɗaki hayaƙi yana taruwa ƙarƙashin rufi, kuma hayaƙin nan makamashi ne da bai gama ƙonewa ba; idan zafinsa ya kusanci digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, sai duk kayan ɗakin su kama cikin daƙiƙoƙi. Wannan shi ne tashin wuta gaba ɗaya, kuma wanda ya rutsa da shi a ciki da wuya ya fito da rai.

Irin wannan wuta ta buƙaci sabuwar dabara. A Amurka, Lloyd Layman ya bayyana a 1950 cewa ruwan da aka fesa ƙanana-ƙanana ya fi shanye zafi, kuma idan ya zama tururi yana kumbura kusan ninki 1,700. Daga baya Krister Giselsson da Mats Rosander na Suwidin suka koyar da sanyaya hayaƙin kansa: mai riƙe da tiyo ya durƙusa, ya saita bakin tiyon a kan feshi, ya buɗe ya rufe nan take yana nufar sama, don kada tururi ya yi yawa ya sauko ya dafa shi. Hannu ba ya koyon wannan a aji, shi ya sa a shekarun 1980 aka fara horo cikin kwantenar ƙarfe, inda ake kunna katako a ƙurya, ɗalibai sanye da na'urar numfashi suna kallon hayaƙi yana saukowa, harsunan wuta suna gudu a cikinsa.

Nijeriya tana da kwalejin horar da 'yan kwana-kwana a Sheda kusa da Abuja, kuma gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ta nuna girman buƙatar. Sai dai a Zinyau wanda ke fara isa ƙofar ɗaki maƙwabci ne, tun kafin motar kwana-kwana ta taso, kuma tausayi yana sa shi ɓalle ƙofa da taga, abin da ke ba wutar iskar da take jira. Ya kamata wannan ɓangare na ilimin ya isa masallatai da makarantun ƙauye kafin kowane hunturu: a fitar da mutane, a ja ƙofa a rufe, a sunkuya ƙasa da hayaƙi.