Yadda Zuciya Ke Rinjayar Lissafin Ɗan Kasuwa

Lissafin tafiyar da sana'a shi ne rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, domin mai sana'a ya san matsayinsa kafin ya yanke shawara. Sai dai tsoro da kwaɗayi sukan shiga tsakanin ɗan kasuwa da littafinsa, har ya ga riba inda babu ita.

Abin da masana suka gano

A shekarar 1979, masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin hasara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar mutum. Daga baya suka ƙiyasta cewa ƙarfinsa ya kai kusan ninki biyu. Kahneman ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2002.

Tsoron hasara

A ce ɗan kasuwa a Katako ya sari kaya a kan jika 100, sannan farashinsu ya sauka zuwa jika 80. Sau da yawa zai ƙi sayarwa, wai sai kuɗinsa sun fito. Ana nan kayan su tsufa, jarin kuma ya kwanta. Abin dubawa a nan shi ne: idan ya sayar yau, nawa jika 80 za su haifa masa in ya juya su?

Mantawa da haɗari

Mutum yakan ɗauka cewa abin da bai faru jiya ba, ba zai faru gobe ba. A 1982 gobara ta cinye Babbar Kasuwar Yamai, ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. A 2012 kuma Ƙaramar Kasuwa ta ƙone. Haka nan a watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada nan take. Wanda ya zuba dukan jarinsa a rumfa ɗaya, ko a kaya iri ɗaya, shi ya fi shan wuya.

Haɗa jari da cefane

Wasu sukan ɗauki cinikin yini duka a matsayin riba, su yi cefane da biki daga ciki. Da haka ake cinye uwar kuɗi ba a sani ba.

Darasi daga Mata Masu Dubara

Ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991. Mata sukan taru kowane mako su yi zubi, ba a ba da rance sai a gaban kowa. Shawarar jama'a takan taka wa son zuciya birki.

Shawarwari

1. Ku rubuta kowane shige da fice a ranar da ya faru.
2. Ku raba kuɗin sana'a da kuɗin gida.
3. Kafin babban sari, ku lissafa hasarar da za ku iya ɗauka.
4. Ku kwana a kan shawara, ku nuna littafinku ga wanda kuka amince da shi.
5. Ku ware wani kaso a asusu saboda gobara, ciwo ko faɗuwar farashi.