Sa'adu Bori: Daga Kaset Zuwa Intanet

A Nijar, kiɗan zamani cikin kaset ya yi rayuwarsa. Tun da aka soma gasar Ɗan Gurmu a 1987, matasa suka samu gwanayen gida, ba sai na Kongo ko Mali ba. Mu ƴan Maraɗi gwaninmu Sa'adu Bori ne, wanda ya ɗauko kiɗan bori ya haɗa shi da jita. A 1994 faifansu da Musa Pusi, Niamey Twice, ya fito a Ingila, amma mu wurin masu kwafa a kasuwa muke samun waƙoƙinsa, muna juya zare da biro don tattalin batir.

Kaset ba ya jure zafi da ƙura. Lokacin da Sa'adu ya rasu a hatsarin mota a 2008, nawa duk sun lalace. YouTube da WhatsApp ne suka maido mini muryarsa, tare da fuskokin abokan fada da na manta.

Sai dai intanet ba ya ƙirƙirar abin da ba a ajiye ba. Kowace waƙa da muke ji yau, wani ne ya adana kaset ɗinta. Sauran suna cikin akwatuna, zarensu yana ruɓewa.