Siziyam-137: yadda ƙasa ke riƙe gubar nukiliya da yadda take sakin ta

A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Bayan gwaji na uku, Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita a Janairun 1961, saboda fargabar abin da iskar hunturu za ta kwaso zuwa Arewa. Daga cikin burbushin da irin wannan fashewa ke bari akwai siziyam-137, sinadari mai fitar da tururin nukiliya, wanda rabinsa ke narkewa duk bayan shekara 30. Gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyat ne suka fi watsa shi a duniya, kuma zubarsa ta kai ƙololuwa a 1963. Abin da ya saura daga wancan zamani bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Da zarar ya sauka, irin ƙasar ce ke yanke masa hukunci. Wani nau'in yumɓu yana da siraran ɓawo-ɓawo, kuma a bakinsu akwai 'yan ramuka da siziyam ke shigewa ya maƙale, ruwan sama bai iya wanke shi. Shi ya sa yakan zauna a saman ƙasa shekara da shekaru. Rairayi ba shi da wannan riƙo, ruɓaɓɓen ganye kuwa riƙonsa sako-sako ne.

Hanyoyin sakinsa uku ne. Amoniyam, wanda takin yuriya ke komawa a gona, yana iya ture shi daga mazauninsa. Saiwar tsiro kuma, idan fotash ya yi ƙaranci, sai ta tsotsi siziyam a madadinsa, domin sun yi kama. Daga nan ya shiga hatsi, ciyawa da madara. Na uku, iska da zaizaya suna ɗauke ƙasar da shi a jikinta. Don haka ne bayan hatsarin Chernobyl a 1986 da na Fukushima a 2011 aka riƙa zuba takin fotash a gonaki.

A Yankwashi, Babura, Roni, Gwiwa da Kazaure, gonakin gero da gyaɗa galibi jigawa ce mai rairayi, laka kuwa sai a fadama. Ma'ana, ƙasar da aka fi nomawa ita ce mafi raunin riƙo. Tun da Najeriya ta rattaba hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017 kan gina tashoshin nukiliya, akwai tambayar da ta cancanci a miƙa wa hukumar NNRA mai sa ido kan harkar, da cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya: nawa ne ma'aunin siziyam a ƙasar waɗannan gonaki a yau? Sai da wannan adadi a hannu za a iya gane ƙari idan wata rana ya zo.