Naman Daji a Cikin Gida: Waiwaye Kan Wata Tsohuwar Al'ada a Ƙasar Bagudo

   

A wannan fitowa ina so mu waiwayi wata al'ada da dukanmu muka tashi muka tarar, amma ba mu cika tambayar asalinta ba, wato ajiye naman daji a cikin gida: jimina, gauraka, barewa, aku, biri, har da kura. Kakanninmu ba don sha'awa kaɗai suka ajiye su ba, kowace da dalilinta. Sai dai dukansu daga daji aka ɗauko su, kuma ba a mayar wa dajin da komai ba. Lokacin da dajin ke cike ba wanda ya ga ɓarnar. Yau kuwa lissafi ya sake.

Mu fara da ƙasar kanta. Tun kafin zuwan Turawa, yankin Illo hanya ce ta fataken Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, har ya kai Salaga inda ake sayen goro. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi ranar 14 ga watan Yuni 1898 aka tsaga Bargu gida biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Wannan layin ne ya zama iyakarmu da Dahome, wadda ta koma Benin a 1975. Shi ne mutanen Lolo da Tsamiya ke ƙetarewa kullum zuwa kasuwa ko zumunci. Hanyar da ta ɗauki goro da gishiri ita ce ta ɗauki dabbobi da tsuntsaye, domin falke ba ya ƙyale abin da ya san zai yi kuɗi a gaba.

Kashi na farko na dabbobin su ne na kasuwanci. Baturen nan Kilafaton, wanda ya zo Kano da Sakkwato a 1824, ya rubuta cewa ya ga ana kiwon juda cikin keji na itace. Ana ciyar da ita, bayan 'yan kwanaki a kankare jibdar da ke taruwa a ƙarƙashin wutsiyarta, a sayar wa masu turare. Haka ma jimina. A ƙarni na 19 gashinta na cikin manyan kayan da raƙuma ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, daga can a kai shi Turai inda mata ke ado da shi a huluna. Mutane kan kamo 'ya'yan jimina su rene su a gida, su riƙa fige gashin. Darajar jiminarmu ta kai har a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo ayari musamman zuwa Nijeriya ta Arewa neman iri. Suka tara kimanin 150, suka kai su gida ta jirgin ruwa a 1912. Allah da ikonsa, a 1914 kasuwar gashin ta rushe. Ciniki ya mutu, amma jimina ba ta farfaɗo ba, don farauta da kwasar ƙwai ba su tsaya ba. A Nijar, 'yan sauran da ke duwatsun Azbin an ƙarar da su a farkon shekarun 1990, sai da aka koma hayayyafa su cikin shinge a Kelle, a jihar Damagaram.

Kashi na biyu su ne na ƙasaita. Basarake ko attajiri kan ajiye barewa ko gauraka a tsakar gida don a san gidan na manya ne. Aku mai jan wutsiya ma ba tsuntsun dajinmu ba ne, daga kurmi masu fatauci ke hauro da shi, amma ya shiga rayuwar Bahaushe har Abubakar Imam ya ba shi wazirci a Magana Jari Ce, littafin da ya fito a 1937, wanda ba ɗayanmu da bai karanta a aji ba.

A nan ina so in ɗan daɗe kan gauraka, don ita na fi sani. 'Yan ajinmu za su tuna gidan wani attajiri da muke wucewa in an sake mu yawon Asabar, inda gauraki biyu ke taƙama a ƙofar zaure, da tukkunsu kamar zinariya. Mun sha tsayawa kallonsu. Malaminmu na labarin ƙasa ne ya fara nuna mana abin da idonmu bai gani ba. Ya ce mu lura da fiffikensu, an datse shi. Ya ce mu tambaya ko sun taɓa ƙyanƙyasa. Muka tambaya, aka ce ko sau ɗaya. Dalili kuwa shi ne gauraka a fadama take sheƙa, cikin ciyawa mai ruwa, da damina, nesa da hayaniyar mutane. In aka raba ta da fadama an raba ta da haihuwa. Ke nan duk wadda ta mutu a gida, sai an koma daji an kamo wata. Ga kuma fadamun kansu sun koma gonakin shinkafa. Da haka tsuntsuwar da ake ɗauka a matsayin ta ƙasar Nijeriya ta kusa ƙarewa ƙaf a cikin Nijeriyar. Yaranmu da yawa ba su taɓa jin kukanta ba.

Kashi na uku su ne na wasa. Wa zai manta ranar da gardawa suka shigo gari? Ga kura da takunkumi da sarƙa, ga gwaggon biri an sa masa riga, ga mesa a wuyan yaro, ga kiɗa, ga akayau a ƙafa. Suna sayar da layu da magani, iyaye mata na biya a ɗora yaron da ya yi nawar tafiya a bayan kura. Sana'a ce ta gado, kuma ta yi suna har wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi su daga 2005 zuwa 2007 ya fitar da littafin hotunansu. Amma Bahaushe tun tuni ya yanke hukunci a kan wannan wasa da ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Biri kuwa, ba a cika samun ɗansa ba sai an kashe uwar, don ba ta sakin sa da rai.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Faransawa sun kafa gandun dajin W a 1954, wanda ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, kuma sunan ya samo asali daga lanƙwasar Kogin Kwara a wurin. Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963. An ƙulla yarjejeniyar duniya ta CITES kan cinikin dabbobi masu ƙarewa a 1973, Nijeriya na cikinta. An kafa gandun dajin Kainji a 1979. Gwamnatin soja ta fitar da Doka ta 11 a 1985, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. A 2016 ɗin ne kuma aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Doka dai akwai ta a takarda. Amma iyaka mai hanyoyin babur barkatai, ɗan biri a buhu ko aku a kwali ba ya wuyar ƙetarewa. Tun da dajin ɓangarenmu ya yi fayau, masu kamu suka mai da ido ga na maƙwabta.

Duk da haka akwai abin da ya ƙarfafa mini gwiwa. A 2018 giwaye suka ɓulla a yankin Bagudo da Koko/Besse, suka shiga gonaki suka yi ɓarna. Gwamnatin jiha ta roƙi jama'a kada a taɓa su, manoma kuma suka yi haƙuri suka ƙyale su. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga garuruwa. Wannan ya nuna mini cewa sha'awar da ta sa kakanninmu suka kawo naman daji gida tana nan a zukatanmu, kuma ana iya biyan ta ba tare da sarƙa ko keji ba.

Ban rubuta wannan don zargin magabata ba. Sun yi zamaninsu da abin da suka tarar mai yawa. Mu ne muka ga ƙarshen yawan, saboda haka mu ne ba mu da hanzari. Addininmu ma ya gargaɗe mu da labarin matar da aka yi wa azaba don ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu.

A cikin wannan ƙungiya tamu akwai ma'aikatan kwastan, akwai hakimai da dagatai, akwai malaman makaranta da na gona, akwai 'yan kasuwa. Roƙona ga kowa kaɗan ne. In aka kawo maka ɗan barewa ko ɗan biri a bakin hanya, kada tausayi ya sa ka saya, domin kuɗinka ne zai mai da mai kamun daji gobe. Wanda ke da gona a fadama ya bar wa tsuntsaye ɗan gefe. Malamai kuma su yi wa ɗalibansu irin tambayar da aka yi mana game da gauraki.

Allah ya sa mu bar wa jikokinmu abin da za su gani da idonsu, ya kuma ƙara mana zumunci. Wassalam.