Takin zamani da gajiyar ƙasar noma a Shinkafi

A gonakin jigawa na Shinkafi, da Zurmi, da Ƙaura Namoda a arewacin jihar Zamfara, ƙorafin manoma kusan ɗaya ne: ƙasa ta gaji, ba ta yin abin kirki sai an zuba mata taki, shi kuma takin zamani ya yi tsada.

Yadda aka faro

Kafin yaɗuwar takin zamani, manomi kan bar gona saura ta huta, ko ya kai mata takin gida da toka a kan jaki.

Bayan girbi kuma, Fulani kan sauka da shanunsu a gona, su ci kara su bar kashi, manomi ya saka musu da hatsi.

Takin zamani ya bazu ne sosai bayan shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, da na Shugaba Shehu Shagari a 1980, lokacin da gwamnati ke sayar da shi da rangwame.

Yawan jama'a kuma ya sa barin saura ya yi wuya.

Me ke gajiyar da ƙasa?

Kamfa da yuriya shuka suke ciyarwa, ba sa mayar wa ƙasa ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi waɗanda ke sa rairayi ya riƙe danshi da abinci.

Idan ana kwashe kara da harawa kowace shekara ba a mayar da komai, ƙasa kan yi fari, ƙuduji ya yawaita.

Wani gwaji da aka fara a Samaru, Zariya, a 1950 ya nuna cewa daɗewa ana zuba takin zamani mai sinadarin naitirojin shi kaɗai na sa ƙasa tsami, amfani ya ragu. Inda aka haɗa shi da kashin shanu kuwa, gona ta fi riƙe ƙarfinta.

A daina takin zamani ke nan?

Masana ba su ce haka ba. A taron Abuja na 2006, an ƙiyasta cewa manomin Afirka kudu da Sahara na zuba kimanin kilo 8 ne a hekta, shugabanni suka yi alkawarin kai shi 50.

Sri Lanka da ta haramta shigo da takin zamani a 2021 ta janye dokar cikin shekarar, bayan da noman shinkafa ya shiga halin ni-'ya-su.

Shawarar ita ce a haɗa biyun, a riƙa juya hatsi da wake ko gyaɗa, a kuma bar itatuwa irin su gawo, kamar yadda manoman Maraɗi suka farfaɗo da gonakinsu tun daga shekarun 1980.

Ina gizo ke saƙar?

Takin gargajiya daga dabbobi yake fitowa. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Zamfara tun wajen 2011 sun raba gidaje da yawa da shanunsu, sun kuma ɓata tsohuwar ma'amalar manomi da makiyayi.

Don haka gyaran ƙasa a wannan yanki na tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da dawowar zaman lafiya.