Rayuwa cikin yanzu: yadda Indiya ta karanta littafin Gita

Idan aka yi maganar rayuwa cikin yanzu a addinin Hindu, hoton da ke zuwa wa yawancinmu shi ne na wani dattijo da ya naɗe ƙafa ya rufe ido, irin wanda muke gani a fina-finan Indiya. Sai dai littafin da ya fi tasiri kan wannan batu, wato Bhagavad Gita, a bakin daga labarinsa ya faro.

Gita baiti 700 ne cikin babi 18, kuma yanki ne na doguwar waƙar Mahabharata. A filin Kurukshetra, wanda yau yake cikin jihar Haryana, jarumi Arjuna ya hango dangi da malamansa a rundunar abokan gaba, sai jikinsa ya mutu, ya ajiye baka. Krishna, wanda mabiya Hindu ke bauta wa, shi ke tuƙa masa keken doki, kuma shi ya yi masa nasiha. Gundarinta: mutum ya yi aikin da ya wajaba a kansa a wannan lokaci, ya cire ransa daga ladan da zai biyo baya.

Me ya sa hakan ya zama ibada? A aƙidarsu, aikin da aka yi da kwaɗayin sakamako yana ɗaure rai, ya sa a yi ta sake haihuwarsa, abin da suke kira samsara. Kwaɗayi da tsoro kuwa duk gobe suke kallo. Wanda ya tsayar da zuciyarsa kan aikin da ke hannunsa, igiyar ba ta kama shi.

Rigimar ita ce wane aiki ake nufi. Shankara, babban malamin da ya rayu wajen ƙarni na 8, ya ɗauki aiki a matsayin share fage kawai, ilimin gane kai shi ne 'yanci. Da Turawan Ingila suka mallaki Indiya, karatun ya canza. Bal Gangadhar Tilak, wanda aka tsare a kurkukun Mandalay daga 1908 zuwa 1914, ya rubuta sharhinsa Gita Rahasya a can, aka buga a 1915. A wurinsa, littafin kira ne a tashi a yi aiki a duniya, har da fafutukar 'yancin ƙasa.

Gandhi kuwa a Landan ya fara karanta Gita, cikin fassarar Turanci ta Edwin Arnold, yana ɗalibin lauya. Ya ce Kurukshetra misali ne na yaƙin da ke cikin zuciyar kowa, kuma wanda ya daina kwaɗayin sakamako ba shi da dalilin zub da jini. A ganina wannan karatu ya fi kyau, ko da yake sai da ya ɗan lanƙwasa nassin, tunda a ƙarshe Arjuna ya ɗauki bakansa ya yi yaƙin. Fassarar Gandhi ta Gujarati ta fito a 1930, shekarar da ya yi tattakin gishiri zuwa Dandi.

Ranar 30 ga Janairu 1948, Nathuram Godse ya harbe Gandhi a Delhi yana hanyar zuwa addu'ar yamma. A gaban kotu, Godse ya kafa hujja da Arjuna, wanda ya yaƙi danginsa saboda wajibi. An rataye shi ranar 15 ga Nuwamba 1949.